Kwamfutar Umma a Kan Teburin Yaya

Auta ba da niyyar faɗa ta je gidan Yaya ba. Tasowarta ke nan daga asibitin da take aikin jinya, ko fararen kayan aikin ba ta cire ba, ta biya don ta miƙa wa matarsa maganin tarin jaririyarsu. Anti, kamar yadda take kiran matar, ta karɓi ledar a bakin kicin ta ce, "Leƙa ki gaishe shi mana, yana ɗakin aikinsa. Tun da ya yi sabon haɗin nan nasa muka daina ganinsa, ko shayi can ake kai masa."

Yaya mai zanen gine-gine ne, kuma a gida yake yawancin aikinsa. Ɗakin ɗan ƙarami ne, har yanzu keken ɗinkin Anti na nan a lungu an lulluɓe shi da zani. Auta ta tura ƙofa da sallama, ya amsa bai ko juyo ba. Kwamfutocin cinya biyu ne a gabansa, kafaɗa da kafaɗa. Tasa baƙa, sabuwa, da zanen wani bene a fuskarta. Ta hannun dama kuwa an ɗora ta kan littattafai don tsayinsu ya zo daidai, fuskarta cike da lambobin awo.

"Zo ki ga ikon Allah, Auta," in ji shi. "Kalli nan."

Ya ja 'yar kibiyar nan ta kan allo zuwa dama. Ta kai baki, ta ɓace, sai ga ta ta ɓullo a ɗaya kwamfutar. Ya kamo wani shafi ya ja shi, shi ma ya tsallaka.

"Babu waya, babu komai. Wannan ce mai aikin, waccan allo ce kawai. Zane a nan, awo a can. Da sai in yi ta buɗe wannan ina rufe wancan har idona ya yi ja."

Auta ba kibiyar take kallo ba. Filastar da ke manne a kusurwar murfin ta dama take kallo. Filastar asibiti ce, ita ta manna ta da hannunta ranar da kwamfutar ta zame daga kan gado ta tsage.

"Yaya, wannan ba kwamfutar Umma ba ce?"

"Ita ce. Kin ga yadda ta farfaɗo? Da kafin ta buɗe sai ki dafa ruwa ki sha ki dawo."

Umma shugabar makarantar firamare ce har ta yi ritaya, kuma bara ta rasu. A watanninta na ƙarshe, da ƙafafu suka daina ɗaukarta, takan sa Auta ta ɗora mata kwamfutar kan matashi ta kunna kyamara. Sai ta gyara ɗankwali ta yi ta magana: wa ya haifi wa a danginsu, yadda ta haɗu da Abba, waƙoƙin da uwarta ke yi mata, har da faɗan da ta ce ba ta gama yi wa kowannensu ba. Duk a folda guda suke, wadda Umma da kanta ta raɗa wa suna da manyan baƙaƙe: NAWA NE, KADA A TAƁA. Bayan rasuwar Auta ta saka kwamfutar a jakarta, ta ajiye a ƙasan durowar Abba. Ba ta sake samun ƙarfin zuciyar buɗe ta ba.

"Matsa in ga wani abu," ta ce.

Ta sunkuya ta taɓa kwamfutar. Hoton jikoki da ke bangon allon babu shi, sai wani shuɗin sarari. Ta buɗe wajen ajiya. Wayam. Ta rufe ta sake buɗewa.

"Ina foldar Umma?"

"Wace folda?"

"Yaya, ina kayan da ke cikin kwamfutar nan?"

Ya sosa ƙeya, ya fara bayani da muryar da yake yi wa masu ba shi aiki. Ya ce da farko da waya ya gwada haɗa su, ashe ramin jikin irin waɗannan kwamfutocin fitar da hoto kawai yake yi, ba ya karɓa. Daga baya ya gano ana iya yi ta iska, amma tsarin da ke kan ta Umma ya tsufa, ba ya ɗauka. Dole sai an sa mata sabo. Wajen sakawa kwamfutar ta tambaye shi ko a bar tsofaffin kaya ko a share, ga ta cike maƙil tana jan ƙafa.

"Sai ka share."

"Na wanke ta dai. Takardun jarrabawar yara ne da su hotuna. Ai na ɗauka kin kwafe tuntuni."

"Ka ɗauka."

"To, ai..."

"Ka ɗauka! Lambata ta ɓace maka ne? Jiya ma ka kira ni kan maganin tari! Tari ka iya kira a kai, amma muryar uwarka ba ka iya ɗaga waya ka tambaya ba?"

Ta buga murfin kwamfutar ta rufe. Shafukan da ke can suka rugo suka cunkushe kan zanen benen. Yaya ya miƙe zumbur.

"Ke! Aikin mutane ne fa a kai! Ba ki da hankali ne?"

"Aikin mutane! Ita ba mutum ba ce? Ka shigo ka same mu muna ɗauka, da bakinka ka ce Umma ta zama 'yar fim, har ta jefe ka da matashi. Ko shi ma ka wanke shi daga kanka?"

Nan ya yi tsuru-tsuru. Ta ga lokacin da abin ya faɗo masa. Da a ce a nan ya tsaya, wataƙila da abin bai kai inda ya kai ba. Amma Yaya tun suna yara bai iya a kama shi da laifi ya yi shiru ba.

"To shekara guda tana kwance a durowa, me ya hana ki kwafa? Da ɓera ne ya ci ta fa, ko ruwa ya shiga? Abu mai muhimmanci haka, ki bar shi wuri ɗaya tal? Kuma ba sata na yi ba, Abba ne ya ba ni da hannunsa."

Idon Auta ya rufe. Ta ce masa da ɓera ne da ta yi haƙuri, don ɓera ba Umma ce ta yi masa kuɗin makaranta ba. Ta tambaye shi ina yake lokacin da ake juya Umma a gado, ake goge mata baya, ake kwashe abin da ta amayar. Ta ce shi dai ya iya zuwa ranar Asabar da ledar lemo, ya zauna yana danna waya, ya tashi ya ce jiki da sauƙi. Ta ce yanzu ma bai ga uwarsa a kwamfutar ba, gilashi ya gani na banza da zai baza lambobinsa a kai.

"Ni ma uwata ce!" ya daka mata tsawa.

"Da ka nuna!"

Jaririya ta tsala kuka. Anti ta shigo da ita a kafaɗa tana cewa, "Don Allah ku yi wa Allah, maƙwabta na ji." Auta ta fizge cajar daga bango har soket ɗin ya biyo ta rabi, ta rungume kwamfutar a ƙirji, ta fice. Littattafan da aka yi mata matashi da su suka zube ƙasa, ba ta waiwaya ba.

Abba na zaune a baranda yana ɗaure ƙafar tabaransa da zare lokacin da ta shigo. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutum mai magana ɗaya-ɗaya. Ya dubi abin da ke ƙirjinta, ya dubi fuskarta, ya ajiye tabaran.

"Abba, kai ka ba Yaya?"

"Ni ne. Ya ce aro, zai ƙara faɗin wajen aikinsa. Me ya faru?"

Ta gaya masa. Ba ta iya ɗaga masa murya ba, sai maganar ta riƙa fita ta tsakanin haƙora, abin da ya fi ihu ciwo. Ta ce, "Gida ɗaya muke kwana, Abba. Da safe na kawo maka shayi, da yamma na auna maka jini. Ko sau ɗaya ba ka ce mini, Auta, na ba yayanki kayan uwarku ba."

Abba ya sunkuyar da kai.

"Kullum na buɗe durowar nan sai na ga jakar," in ji shi. "In ɗauki riga, in ga jakar. In mayar da riga, in ga jakar. Da ya tambaya sai na ji kamar an sauke mini kaya." Ya shafa gemunsa. "Duka ya share?"

"Duka."

"Ban kalli ko ɗaya ba. Ina ta cewa sai na ƙara ƙarfi."

Wannan maganar ba ta sanyaya mata rai ba, ƙara hura ta ta yi, don yanzu ba ta da inda za ta sauke fushin. Ta shiga ɗaki ta sauya takalmi kawai, ta fito, ta ce masa za ta kai kwamfutar wajen mai gyara a kasuwa.

A kasuwar 'yan waya da kwamfuta, hawa na biyu, akwai wani gajeren mutum da kowa ke kira Dogo. Shi ke gyara wa asibitinsu na'urori. Shagonsa bai wuce tsayuwar mutum uku ba, ko'ina gawarwakin kwamfutoci ne an jera su kamar faranti. Ya saurare ta har ta gama, yana juya ƙaramin sukudireba a yatsunsa.

"Sista, tun yaushe yake aiki da ita bayan ya wanke?"

"Ban sani ba. An kwana biyu. Matarsa ta ce ko abinci ba ya fitowa ci."

Dogo ya ja iska ta haƙori. "Kar ki sake kunna ta. In an share abu, ba nan take yake tafiya ba, yana nan kwance a faifan, sunansa kawai aka cire. Amma duk sabon abin da aka zuba, a kansa yake sauka. Ga sabon tsari an ɗora, ga kullum ana kunnawa. Zan cire faifan in bi shi a hankali. Ba na yi miki alkawari."

Yana cikin kwance sukurorin sai ga Yaya a bakin shagon, yana haki, da wani faifan ajiya na waje a hannunsa. Abba ne ya gaya masa inda ta nufa.

"Ga wannan, sabo ne, a zuba abin da aka samu a ciki," ya ce wa Dogo. Sannan ya juyo. "Auta, ki tsaya ki ji."

"Malam Dogo," in ji ta, ba ta ko dubi inda yake ba, "ka ce wa mutumin nan ya matsa daga jikin teburin. Abin da ya taɓa ba ya rai."

Dogo ya dubi wannan, ya dubi wancan. "Ni dai sukuru nake kwancewa," ya ce. Ya karɓi faifan, ya ce su ba shi 'yan kwanaki.

Kwanakin nan Auta ta yi su a cike fam. Yaya ya kira har ya gaji, ya koma turo saƙo, ba ta buɗe ba. A wurin aiki ta wanke ɗan wata majinyaciya tas don ya zauna kan gadon uwarsa yana kallon ƙwallo a waya, har sai da babbar sista ta ja ta gefe ta tambaye ta ko lafiya. Anti ta zo gida da goyo, ta ce wallahi Yaya ba ya barci, ya rame, ko ɗakin aikin ba ya shiga.

"Allah sarki," in ji Auta. "A kai shi asibiti mana. Akwai gado."

"Haba Auta, kuskure ne fa."

"Kuskure shi ne ki zuba gishiri a shayi, Anti. Wannan tambayarsa aka yi. Na'ura ma da ba ta da uwa sai da ta ce masa, ka tabbata? Ya ce ya tabbata."

Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne maganarsa ta durowa na nan tana cin ta. Filas na kwafar fayil nawa ta saya a shekarar nan don aikin asibiti? Ko ɗaya ba ta ware ba. Duk lokacin da tunanin ya zo sai ta ji ta ƙara tsanar Yaya, don shi ya faɗa, kuma don ba ƙarya ya yi ba.

Ranar da Dogo ya kira, ita kaɗai ta je. Ya jona faifan a tasa kwamfutar ya juyo mata da allon. Fayil ne dubbai, babu mai suna ko ɗaya, sai lambobi. Ya buɗe mata wasu. Takardar jarrabawar lissafi ta 'yan aji huɗu. Hoton Abba a wani taro, daga ƙirji zuwa ƙasa toka-toka. Hoton wata mata da rabin fuska. Bidiyoyin kuwa yawanci sun ƙi buɗewa, wasu murya babu hoto, wasu hoto babu murya.

"Ga wannan, ya ɗan yi tsawo," in ji Dogo. Ya danna, ya tashi ya fita waje kamar mai neman wani abu.

Umma ta bayyana, ramammiya, tana gyara ɗankwali. "Ya fara ɗauka? To, matsar da shi, hancina kawai nake gani." Aka ji dariyar Auta daga gefe. Umma ta gyara murya irin ta gaban aji. "Yau kan kakarku ta wajena za mu yi. Sunan da kuka san ta da shi ba nata ba ne, laƙabi ne. Akwai dalilin da ya sa aka ɓoye na gaskiyar, kuma yanzu duk wanda zai ji haushi ya mutu. Abin da ya faru shi ne, lokacin da ubanta..."

Fuskar ta tsaya cak, ta farfashe zuwa ƙananan murabba'ai kore da ruwan hoda, allon ya yi baƙi.

Auta ta san ta ji labarin a ranar. Tana zaune a gefen gadon, amma hankalinta na kan ledar ƙarin ruwa da ke ɗiga, tana cewa a ranta ai ana ɗauka, za ta saurara daga baya. Ta matse ƙwaƙwalwarta, babu abin da ya fito sai wani abu game da kogi, ko kuwa gada. Ta dunƙule hannu ta daki cinyarta, ta sake duka. Ba ta yi kuka ba. Da Dogo ya dawo ta ce ya yi mata kwafi uku, a faifai uku daban.

Daga kasuwar gidan Yaya ta wuce. Ta same shi a falo, da gaske ya faɗa, gemu ya yi buzu-buzu. Ya miƙe da ya gan ta.

"Zauna," ta ce. Ta ajiye faifai ɗaya a kan tebur, da ƙarfi. "Ba yafe maka na zo yi ba, kar ma ka fara. Abin da ya rage ke nan. Babu suna, babu tsari, rabi a fashe. Za ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ka kalli kowanne har ƙarshe, ka saurari kowanne, ka sa masa suna, ka ware na makaranta daban, na gida daban. Wanda ya katse ka rubuta inda ya katse. Ba za ka ba yaron ofis ba, ba za ka ba Anti ba. Kai."

"Zan yi," in ji shi.

"Ka ce aikin mutane. Ga aikin mutane nan."

"Na ce zan yi, Auta." "Na shiga ɗakin nan in kunna tawa, sai in ga wajen da na ɗora ta..."

"Ba ni za ka gaya wa ba." Ta ɗauki jakarta.

Ya yi ɗin kuwa. Bayan kwana biyu ya kira, ta ɗaga a karon farko. Ya ce akwai wata mata mai tabo a goshi da ke ta fitowa a tsofaffin hotuna, wace ce? Auta ta ce ba ta sani ba, ya tambayi Abba. Ya ce to zai kira shi.

"Ba kira ba. Ka taka da ƙafarka."

Ranar Asabar ya zo da kwamfutarsa, ba lemo. Suka zauna a baranda shi da Abba, kai da kai. Auta na tsakar gida tana wankin kayan aikinta, tana jibgar su a bahon kamar su suka yi mata laifi. Tana jin Abba yana cewa matar mai tabo ƙanwar kakarsu ta wajen Umma ce, kuma tana da 'ya da ke raye har yanzu a wani gari mai nisa, tsohuwa tukuf, in Allah ya sa hankalinta na nan za ta san abubuwa da yawa. Tana jin Yaya yana tambayar yadda ake zuwa garin, da wace mota ake shiga. Can sai muryar Umma ta tashi daga 'yar lasifikar, tana rera wani abu, baiti ɗaya da rabi, ta yanke.

"Sake sa shi," in ji Abba.

Aka sake. Aka kuma sakewa.

"Auta," Abba ya kira. "Zo ki ji wannan, ko kin san ƙarshensa."

Ta san shi. Ta matse rigar da ke hannunta har yatsunta suka yi fari, ta shanya ta a igiya, ta ɗauko ta gaba ta tsoma a ruwa.

"Ina zuwa, Abba," ta ce. "Ka ce wa ɗanka ya matsa can ƙarshen benci tukuna."